Baba Farce da Farin Kwalinsa

Duk wanda ya saba bi ta layin gareji da sassafe ya san wanda yake fara ɗaga ƙofa. Kafin mai aski ya share gaban shagonsa, Baba Farce ya riga ya jingine kekensa, ya rataye rigar gida a ƙusa, ya zura shuɗiyar rigar aiki wadda wanki ya mayar ruwan toka. Ba sifana yake fara ɗauka ba. Sai ya wanke hannu da sabulu tas, kamar mai shirin cin abinci, ya zauna a kan tsohon bulok ɗin injin da ya zama kujerarsa, ya ciro ɗan magagari daga aljihu, ya gyara bakin farcen babban yatsansa na dama. Sauran tara a yanke suke ƙwal. Wannan ɗayan kuwa a kullum yana da ɗan tsawo, a goge, ba datti ko ɗis a ƙarƙashinsa. Shi ne ya cinye masa sunan yanka, har yaran layin ba su san yana da wani suna ba.

A lokacin ne mai aski zai leƙo da almakashi a hannu, yana ƙyasta shi a iska.

"Yau dai ko? Kyauta zan yanke maka farcen nan."

"Je ka nemi kan da ya gaji da mai shi," in ji Baba, ba tare da ya ɗago ba.

Haka suke gaisawa tun suna da baƙin gashi.

Aikin Baba ba mai cika ido ba ne. Masu motocin tsere, waɗanda suke zuwa filin bayan gari su yi ta zagaye har ƙura ta rufe su, sukan kawo inji a kwance shi a sake haɗawa don ya ƙara ƙarfi. Wani ya yi fistin, wani ya yi karanshaf, wani ya yi wayoyi. Na Baba shi ne gasket da sil. Ga wanda bai sani ba, gasket falle ne da ake shimfiɗawa tsakanin ƙarfe biyu kafin a ɗaure su, sil kuma zoben roba ne da yake rungume ƙarfe mai juyawa don kada baƙin mai ya samu hanya. Ba mai ɗaukar hoto da su. In mota ta ci tsere, direba ake ɗagawa sama. In ta fashe a tsakiyar fili, a nan ne ake tuna akwai wani abu wai shi gasket.

Shi da kansa yakan ce, "A cikin inji akwai maƙwabta uku da ba sa ga maciji: wuta, ruwa da mai. Ni katanga kawai nake yi musu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga."

A bangon rumfarsa gasket iri-iri ne a rataye, kuma yana maganarsu kamar 'yan gida ɗaya. Akwai mai laushi, wanda ya ce shi ne mai haƙuri, yana yafe wa ƙarfe in fuskarsa ba ta yi santsi sosai ba, amma in aka matsa wa inji da ƙarfin da ya wuce kima sai ya ba da gari. Akwai na ƙarfe mai falle-falle, jarumi ne amma da girman kai, ba ya kwanciya sai a fuskar da ta yi sumul kamar madubi. Akwai na tagulla, na masu neman abin da ya fi ƙarfinsu, wanda wuta ba ta cinsa amma yana gumi. Sil ma haka: baƙi na motar kai yara makaranta ne, mai ruwan ƙasa shi ne yake jure zafin tsere.

To, wa yake zaɓa a cikinsu? Ba mai mota ba, ba kuma mai shagon kaya ba. Farce ne. Baba zai goge fuskar ƙarfen da farin ƙyalle, ya rufe ido, ya ja farcen a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. In ya wuce sumul, a sa na ƙarfe. In ya ɗan yi tuntuɓe, ko a koma wurin mai gogar ƙarfe ko a haƙura da mai laushi. Haka yake yi wa wutsiyar karanshaf, wato babban ƙarfen da yake juyawa a cikin inji, inda tsohon sil yake zama. Shekaru suna sa leɓen robar ya ci ƙarfen, ya bar siririn layi. Ido yana ganin layin, amma ido ba ya iya faɗa ko ƙyalli ne kawai ko rami ne. In rami ne, sabon sil zai faɗa ciki, mai ya bi ta ƙarƙashinsa ya fita. Farce kaɗai ke raba gardama.

Abin da ya tsana a duniya shi ne gam. In ya ga wani ya lafta gam a bakin inji don ya toshe yoyo, sai ya girgiza kai ya ce gam ba ya rufa asiri, jinkirta tonuwa yake yi. Kuma duk injin da ya haɗa, in aka tayar da shi ya yi zafi, sai ya tura farin kwali a ƙarƙashin motar, ya koma ya zauna. In aka jawo kwalin a bushe, ya ce a tafi. In da ɗigo ko ɗaya ne, ko motar wa ce, ba ta fita.

Kai ne, Baba, wanda direbobi suke zagi ranar aiki su gode masa ranar tsere. Kai ne ka taɓa bin mota a keke har bakin titi, don ka tuna da wani zobe ɗaya da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba. Katangar maƙwabta uku, mai hana inji kuka.

A cikin masu zaginsa ba wanda ya kai Guguwa. Direba ne, abokinsa tun na ƙuruciya, mai wata jar mota mai ƙofa biyu wadda in ta tashi har gilasan shagon mai aski sai sun yi rawa. Guguwa ba ya iya zama. Yakan yi ta safa da marwa a bakin rumfa yana cewa, "Kai dai da kai aka aika kiran mutuwa, da ba wanda ya mutu." Baba ya ci gaba da jan farcensa. Manyan layin suna cewa a wancan zamanin, ranar tsere rufe gareji ake yi gaba ɗaya, a ɗunguma fili, Baba ya tsaya can nesa da jama'a da kwalinsa a hammata.

Guguwa ya rasu bayan doguwar jinya. Jar motar ta yi shekaru a lulluɓe a tsakar gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Sai bana Auta, ƙaramin ɗansa, wanda yanzu shi ma magidanci ne, ya jawo ta zuwa gareji. Masu shirya tsere sun ware rana ɗaya don tunawa da tsofaffin direbobi, yana so motar ubansa ta zagaya filin a ranar. Mahaifiyarsa da farko ta ƙi. Da ƙyar ta yarda, da sharaɗi ɗaya: hannun Baba Farce ne zai rufe injin, ba na kowa ba. Ta ma ce za ta je kallo, abin da ba ta taɓa yi ba ko mijinta yana raye.

Baba ya riga ya fara maganar ajiye aiki, ciwon suga ya sa shi gaba. Amma ya ce wannan nasa ne. Ya yi aikin kamar mai yi wa jariri wanka. Ya ja farce a fuskar tob silinda, wato murfin kan inji, ya ce santsi, a sa na ƙarfe. Ya ja a wutsiyar karanshaf, inda ake ganin ɗan layi yana ƙyalli, ya ce ƙyalli ne kawai, a sa sil. Aka rufe, aka tayar. Ƙarar nan da ta fito, tsofaffin layin kowa ya ajiye abin da yake yi. Mai aski ya fito da reza a hannu, ya bar mutum da rabin gemu. Aka tura kwali, aka jawo shi fari fat. Auta ya rungume Baba. Saura kwana biyu tsere.

Abin da ya faru washegari da safe, Gwaggo ce da bakinta take ba da labarinsa. Gwaggo matar Baba ce, mai ɗinkin hannu, irin matan da in suka shafa yadi ido a rufe za su gaya maka inda zare ya zame. Tana zaune tana gyaran wata riga, ta tashi duba ruwan zafi, ta bar rigar a kan kujera. Baba ya zo zai zauna, ya ɗauke rigar ya riƙe, yana ta ba ta labarin ƙarar motar. Da ta juyo sai ta ga jini a farin yadin.

"Malam, buɗe hannunka."

Ya buɗe. Allura ce ta shige masa a tsokar babban yatsa, dab da farcen, tana tsaye.

"Ba ka ji ba?"

Ya zare allurar, ya sake taɓa yatsan da tsininta, yana kallo. Ya sake. Gwaggo ta ce ta zauna da shi tun gashinta bai san furfura ba, ba ta taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba, ko ranar da aka binne Guguwa. Ya fita bai karya ba, bai sha maganinsa ba.

A gareji ya tarar Auta yana goge motar, abokansa sun kewaye ta. Baba bai wanke hannu ba, bai zauna a kan bulok ba. Ya ce, "A kwance injin."

Aka yi dariya, an ɗauka wasa ne.

"Baba, gobe ne fa," in ji Auta.

"Na san gobe ne. A sauke giya, a cire kuloch, a buɗe kai."

"Kwali fa a bushe ya fito. Da idonka ka gani."

"Kwalin gareji ne wannan. A nan hira motar take yi. A fili ihu za ta yi, kuma ramin da bai yi magana a hira ba, a ihu zai yi."

"Wane rami? Kai ka ce babu."

A nan ne Baba ya yi abin da ya sa ake wannan rubutu. Da ya ga dama da ya ce mafarki ya yi, ko ya ce ya manta noti ɗaya bai ɗaure ba, ba mai musa masa. Sai ya ɗaga babban yatsan nan sama, a gaban yaran da suka taso suna jin labarinsa, ya ce, "Wannan ya mutu, ban sani ba. Tun yaushe, Allah ne ya sani. Kwanakin nan duk abin da na shafa sai in ji santsi, har ina yabon masu gogar ƙarfe wai sun ƙware. Ashe ba su ne suka ƙware ba. Ban san abin da na rufe a cikin injin ubanka ba, Auta, kuma ba zan sa ka a kai ba."

Mai aski, da ya leƙo da almakashinsa, sai ya mayar da shi aljihu.

Auta ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Inna ta ɗinka sabon mayafi saboda goben nan."

"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kawo sifana."

Aka kwance. Kafin azahar ƙarafan suna shimfiɗe a kan tebur. Sai aka rasa mai shafawa. Matasan makanikai suka gwada ɗaya bayan ɗaya, amma farcensu duk a karye yake ko a cije, yatsun sun yi kanta. Wannan ya ce santsi, wancan ya ce kamar da wani abu, na uku ya kalli fuskar Auta ya ce santsi ne ƙwarai. Mai aski ya miƙo nasa.

"Kai da ka yanki kunnen mutum ba ka ji ba sai da ya yi ƙara?" in ji Baba. Aka ɗan saki fuska.

Ana cikin haka sai ga Gwaggo da kwanon abinci da ƙullin magani. Tsawon aurensu ba ta taɓa wuce bakin ƙofar rumfar ba, ta ce ƙazantar da take gani a wanki ta ishe ta. Ta miƙa kwanon daga waje. Baba bai karɓa ba, hannunta yake kallo.

"Shigo."

"Ina? Nan? Malam, baƙin man da na ƙare ƙuruciyata ina wankewa daga rigarka, yau kuma da hannuna za ka sa in taɓa shi?"

"Zan goge miki. Aron farce nake nema."

"Wanda kake cewa na bar shi don kwalliya?"

"Shi."

Ta tattare zaninta ta shiga, tana taka ƙasa kamar mai tsallake kwata. Ya goge fuskar tob silinda da farin ƙyalle har sau ba adadi, ya kama wuyan hannunta, ya karkata yatsan yadda ya kamata.

"Rufe ido."

"A gaban yaran nan?"

"'Ya'yanki ne. Rufe. Ki ja a hankali, kamar kina neman inda zare ya zame. Ki faɗi abin da kika ji, ba abin da yaron nan yake so ki ji ba."

Ta ja, ta dawo, ta sake ja ta ɗaya gefen. "Wannan lafiya lau. Ya fi madubin ɗakina."

Auta ya sauke numfashi. Baba ya kai hannunta kan wutsiyar karanshaf. Ta ja sau ɗaya, ta tsaya.

"Nan ya kama."

"Tabbas?"

"Ni za ka tambaya? Kamar inda ɗinki ya yi tsalle. Juya min shi." Aka juya ƙarfen, tana bi. "Ya zagaye duka. Ga wani ma a gefensa, ƙarami."

Ta kama yatsan Auta ta ɗora a wurin. Ya ja, ya ja, can ya ji ɗan ƙyas. Ba sai an yi masa bayani ba, ɗan direba ne. Man da zai bi ta ramin nan kan kuloch zai fara sauka, daga nan ya zuba a ƙasa, a gaban tayoyinsa na baya, a kan kwana, yana cikin gudu.

Da rami ɗaya ne, da Baba ya ɗan matsar da sil ɗin ciki ya kauce masa. Amma biyu ne kusa da juna, ba wurin kaucewa. Sai an sa wa ƙarfen riga, wani siririn zobe da ake zura masa ya rufe ramukan, kuma irin na wannan tsohuwar motar babu shi a kusa, sai an aiko. Auta ya tsaya ya kalli injin ubansa a warwatse, ya ɗauki hularsa ya fita, bai yi wa kowa sallama ba. A ranar kuma Baba ya aika wa duk masu motocin da ya haɗa a 'yan watannin nan cewa su dawo da su a duba, aikin a kansa.

Ranar tsere layin ya watse, kowa ya tafi fili. Baba ya buɗe rumfa shi kaɗai, ya zauna a kan bulok, ƙarar motoci tana zuwa masa daga nesa. Mai aski, wanda shi ma bai je ba wai ƙafarsa na ciwo, ya ce da hantsi sai ga mahaifiyar Auta da sabon mayafinta. Ba fili ta nufa ba. Ta tsaya a bakin rumfa suka gaisa, ta tambayi jiki, ta tambayi Gwaggo.

Baba ya ce, "Na hana ki kallo."

Ta ce, "Auta yana can gida yana kumburi, ko abinci bai ci ba. Ubansa ma haka ya yi ta fushi da kai. Kuma a kan gadonsa ya cika, da furfurarsa, 'ya'yansa suna kewaye da shi. Mayafi ba ya ruɓewa, Malam."

Rigar ƙarfen ta iso. Baba ya sauko da sabon gasket na ƙarfe daga bango, don wanda ya riga ya sha wuta ba ya mayar da shi, ya zaɓi sil mai ruwan ƙasa. Gwaggo ta sake zuwa ta shafa, ta ce ta yarda. A tsere na gaba, wanda ba na tunawa da kowa ba ne, jar motar ta fita. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta zo ta biyu ba. Amma ta gama, kuma Auta bai tsaya shan hannu ba, ya kawo ta gareji da zafinta, mahaifiyarsa a kujerar gefe tana riƙe da mayafi. Baba ya tura kwali. Aka jira, ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa. Aka jawo shi fari fat.

Auta ya durƙusa ya miƙa masa da hannu biyu. "Baba, ka yafe min."

"Ba nawa ba ne. Kai wa mai farcen."

Gwaggo ta karɓa, ta juya shi gaba da baya, ta ce kwali ne mai kyau, zai yi ma'aunin wuyan riga. Kuma abin da ta yi da shi ke nan.

Makon da ya wuce Baba ya ajiye aiki. Da safen ya shiga shagon mai aski da ƙafarsa, ya ɗora babban yatsan a kan tebur, ya ce, "Ga shi, ka daɗe kana roƙo." Mai aski ya ɗauki almakashi, ya kalli farcen, ya ajiye. Ya ce almakashin ya dakushe, a dawo wani lokaci. Gwaggo ce ta yanke shi a gida da nata na ɗinki.

Mun gode, Baba. Mun gode da motocin da suka dawo da masu su gida, waɗanda ba wanda ya san da hannunka a dawowarsu. Mun fi gode maka da safiyar da ka ɗaga yatsanka a gaban yara ka ce ya mutu, alhali ba wanda zai gane in ka yi shiru. Ba kowane gwani ne yake iya ba da shaida a kan kansa ba. Ke ma Gwaggo, Allah ya saka, ya bar ku tare, ya ba Baba lafiya. Masu sana'a, kowa da irin farcen da ya dogara da shi, wani ido, wani kunne, wani harshe. A riƙa gwada shi da allura lokaci-lokaci, kuma ranar da ya daina ji, kada a ji kunyar aro.

Har yanzu Baba yana zuwa layin, sai dai da hantsi, cikin rigar gida. In ka lura da hannun matasan gareji, za ka ga da yawansu sun fara barin farcen babban yatsa. Yakan zauna a kan bulok ɗinsa, wani ya kawo ƙarfe ya durƙusa a gabansa. Baba ba ya taɓa ƙarfen. Wuyan hannun yaron yake kamawa, ya karkata yatsan, ya ce, "Rufe ido. Faɗi abin da ka ji, ba abin da kake so ka ji ba."